Nukiliyas na jikin mutum da na makaman nukiliya: abu ɗaya ne?

Uwar ɗaliba, Tudun Wada, Gombe:
Assalamu alaikum. 'Yata da ke aji ɗaya na babbar sakandare ta karanta a littafin bayoloji cewa kowace ƙwayar halitta tana da nukiliyas, sai kuma malamin kimistiri ya ce musu ƙwayar zarra, wato atom, ita ma tana da nata. Ta tambaye ni ko abin da ake haɗa bam da shi ne a jikinmu, na rasa amsar da zan ba ta. Ina roƙon masana su warware mana.

Malamin bayoloji, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kalmar daga Latin take, ma'anarta ƙwayar da ke cikin ɓawo, kamar yadda ake ɓare gyaɗa a tarar da ƙwaya a ciki. Robert Brown, masanin tsirrai ɗan Sikotilan, shi ya raɗa wa ɗigon da ya gani a cikin ƙwayoyin halittar tsiro wannan suna a 1831, kuma a nan ne DNA take, wadda ke ɗauke da kamannin da ɗa ke gada daga iyaye. Suna kawai nukiliyas na ƙwayar halitta da na zarra suka haɗa.

Malamin fiziks, Gombe:
Malam ya yi gaskiya, amma a ganina tambayar yarinyar ba ta kauce gaba ɗaya ba. A 1911 masanin fiziks Ernest Rutherford ya nuna a Manchesta ta Ingila cewa kusan dukkan nauyin zarra yana dunƙule ne a tsakiyarta, a wuri ƙanƙani ƙwarai: da za a buɗa zarra ta kai faɗin filin wasa na Pantami, nukiliyas ɗinta ba zai wuce ƙwayar gero a tsakiyar fili ba. To, jikinmu da zarra aka gina shi, saboda haka irin wannan nukiliyas ɗin yana cikinmu ba adadi. Sai dai namu galibi na iskar oksijin ne da kabon da haidurojin, ba na yuraniyom ko fulutoniyom da ake tsagawa a bam ba.

Ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini, Azare:
Hajiya, a gyara wa yarinyar kalmar "kowace". Jajayen ƙwayoyin jinin mutum ba su da nukiliyas idan sun nuna. Kullum ina ganinsu a madubin gwaji, tsakiyarsu fayau, farare kuwa nasu yana fitowa da launin shuni bayan an sa rini. Jajayen ƙwayoyin jinin kaji kuma suna da shi.