Rusunawar 'yan judo da kareti: gaisuwa ce ko ibada?

Baban Yara: Assalamu alaikum. Jiya na raka ɗana wurin koyon kareti. Kafin a fara, yara suka jeru a durƙushe, malaminsu ya furta wata kalma, sai duk suka dafa tabarma da tafin hannu, goshi ya kusa taɓa ƙasa. Wallahi gabana ya faɗi. A ganina sujada ce ga wanin Allah, kuma cire shi zan yi.

Kocin Judo: Wa alaikumus salam, Alhaji. Don Allah a ɗan dakata. Kalmar da ka ji ita ce *rei*, da Japananci ladabi take nufi. Akwai ta tsaye, a sunkuya kamar digiri 30, akwai ta durƙushe wadda ka gani. A gidan gargajiya na Japan a kan tabarma ake zama, shi ya sa ko baƙo aka yi, daga durƙuson ake gaishe shi. Jigoro Kano da ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882 malamin makaranta ne, tarbiyya ya sa a gaba. Ka duba abin da muke yi: mutum zai ba ka jikinsa ka maka shi da ƙasa, ka shaƙe wuyansa, ka lanƙwasa masa gwiwar hannu, da sharaɗin da zarar ya buga tabarma za ka sake shi. Rusunawar nan ɗaukar amana ce, cewa lafiya zan mayar maka da jikinka.

Malamar Islamiyya: Koci, niyyarka mai kyau ce, amma akwai nassi. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa an tambayi Annabi (SAW) ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa idan sun haɗu, ya ce a'a, ya yarda da musafaha. Ban ce shirka ba ce, domin ba bauta aka nufa ba. Hanin dai yana nan.

Ɗan Fagge: To Malama, mu da muke durƙusa wa iyaye da surukai fa? Ko jiya a tsugune na gaida kawuna.

Malamar Islamiyya: Ai ba yau malamai suka fara magana a kai ba. Shehu Usmanu da kansa ya soki zuba ƙasa a ka wajen gaida sarki.

Ɗalibin Tarihi: Koci ya tsallake wani abu. Rusunawar ba ɗaya ba ce. A kareti akan rusuna wa bangon gaba, wato *shomen*, sannan malami, sannan juna. A ɗakunan horo da yawa a Japan, wannan bangon yana ɗauke da ƙaramin akwatin bauta na addinin Shinto, *kamidana*. An tilasta ajiye shi a makarantu kafin Yaƙin Duniya na Biyu, aka cire shi a 1945 bisa umarnin Amurka, amma har gobe wasu masu zaman kansu suna da shi. Wanda ya sunkuya wa wannan ba zai ce gaisuwa kawai ya yi ba.

Kocin Judo: Gaskiya ne, ban musa ba. Shi ya sa bangon ɗakina fayau yake, ko hoton Kano ban rataya ba, ta durƙushe kuma na daina sa yara su yi ta. Amma a gasa dole ɗan wasa ya rusuna wa abokin karawarsa a tsaye, dokar judo ce, kuma wannan zan ci gaba da koyar da ita. Na ga yaro yana huci bayan an kayar da shi, ya gyara ɗamara, ya sunkuya, kafin ya ɗago fushin ya sauka.

Malamar Islamiyya: Ko ita ta tsayen ban gamsu ba. Miƙa hannu ai ya wadatar.

Baban Yara: Ban lura da abin da ke jikin bangon ba. Ranar Asabar zan koma in duba, in kuma tambayi malamin ko zai yarda yaron ya ɗora hannu a ƙirji kawai.