Muhawara: A Kashe Bashin Gida Kafin Tafiya Koyarwa Waje, Ko A Riƙe Kuɗin?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Wata magana ce ta hana ni barci. Shekara 20 ke nan ina biyan rancen gida. Na karɓi 100,000 a kan kuɗin ruwa kashi 6, wa'adi shekara 25, duk wata ina zuba 644. Abin da ya rage a kaina 33,300 ne, a asusuna kuma akwai 36,000, tarin guminna na shekaru. Yanzu ga wata makaranta a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana son ba ni kwantiragin shekara 2. Yayana ya kafe cewa duk wanda zai bar ƙasa ya fara kashe bashin gidansa, ko da zai tafi aljihu fayau. Gaskiyarsa ne?

Baba mai ritaya: Wa alaikumus salam 'yata. Yayanki ya gaya miki gaskiya. Ranar da na karɓo takardun gidana daga banki, a cikin mota na zauna na riƙe ambulan ɗin, na daɗe ban ta da injin ba. Wannan natsuwar ba a sa ta a ma'auni. Ki tafi ba wanda yake bin ki, in aikin ya yi daɗi alhamdu lillahi, in bai yi ba ki dawo ɗakinki ki kwanta.

Malamin lissafi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a bar ni in sa lamba a maganar. A watan farko na rancen nan, cikin 644 da Malama ta biya, 500 kuɗin ruwa ne, 144 kacal suka taɓa uwar kuɗi. Haka tsarin yake, ruwan yana da nauyi a farko saboda bashin yana da yawa. Yau abin ya juye: wajen 167 ne ruwa, sauran duk uwar kuɗi. Cikin ruwan da ya haura 93,000 na tsawon shekara 25, abin da ya rage mata bai wuce 5,300 ba. Banki ya riga ya ci rabonsa. A kan 5,300 da za su fita a hankali cikin shekara 5 za ta kwashe kaf abin da ta mallaka?

Ma'aikaciyar asusu: Malam, lambobinka daidai ne, hukuncin da ka ɗora a kansu ne ban yarda da shi ba. Kashi 6 kashi 6 ne, ko a shekarar farko ko a ta ashirin. Duk abin da ta rage daga bashin yau ya daina haifar mata ruwa, kuma wannan riba ce tabbatacciya, babu faɗuwar kasuwa a cikinta. Tambayar ita ce, nawa asusunta yake ba ta a kan 36,000 ɗin? In bai kai kashi 6 ba bayan an cire haraji, to kullum asara take tana riƙe da su.

Malamin lissafi: Na karɓi gyara, Hajiya. Ribar biya da wuri ba ta raguwa da tsufan bashi. Abin da nake nufi, girman abin da za a tsira da shi ƙarami ne in aka gwada shi da girman kasadar.

Wadda ta dawo: Yaya, ni na yi wannan tafiyar, kuma na yi abin da yayanki yake cewa. Na biya komai, na sauka da kuɗin da ba su kai na wata biyu ba. Makarantar, ba zan kama suna ba, ba ta biya ni albashin farko ba sai da izinin zama ya fito na buɗe asusun banki, mako bakwai ke nan. Gidan da suka ba ni katifa ce da firiji kawai. Ina cikin wannan sai ɗan hayata ya kira, bututun ruwa ya fashe a bango, silin ɗin ɗaki ya rufto. Gida nawa ne, babu mai bi na sisi, amma ban da abin kiran mai gyara. Katin bashi na ciro, wanda ruwansa ya ninka na rancen gidan da na yi ɗokin kashewa sau uku.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba wannan ba ne. A zango na biyu aka ƙara mini azuzuwan da ba sa cikin yarjejeniya. Wata abokiyar aikina da ke da ajiya ta ba su sanarwa ta kama gabanta. Ni na zauna na haɗiye, don ko kuɗin tikitin komawa ba ni da shi, ga sharaɗin mayar da kuɗin jirgi in na bar aiki kafin wa'adi. Kuɗin da aka zuba a bango ba a ciro su da daddare. Kuma in kin je neman sabon rance a kan gidan kina zaune a wata ƙasa, bankuna da yawa ba za su saurare ki ba.

Baba mai ritaya: Allah sarki, na tausaya miki. Amma 'yata, ki juya maganar. Da aikin ne ya tsaya cak kina da bashin a wuya fa? A 2020 annoba ta rufe makarantu a duniya. A Yulin 2021 hukumomin Sin suka hana kamfanonin darasin bayan makaranta cin riba a manyan darussa, malamai 'yan waje masu ɗimbin yawa suka wayi gari babu aiki. Wanda gidansa yake jingine, a irin wannan ranar banki ba ya jin uzuri.

Wadda ta dawo: Haka ne Baba. Sai dai mai 36,000 a hannu zai iya biyan 644 har wata 55 ko ba ya aiki. Wanda ya biya duka ya rage da 2,700, da me zai ci abinci, ya biya inshora da harajin gida? Su ba sa ƙarewa don bashi ya ƙare.

Ɗan uwa a Doha: A ƙara da maganar canji. Dirhami, kuɗin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a ɗaure yake da dalar Amurka, 3.67 a kan dala ɗaya, riyal ɗin Katar 3.64, na Saudiyya 3.75, kuma ba a cire harajin albashi a waɗannan ƙasashen. Wannan yana goyon bayan masu cewa a jira, don albashin ba ya lilo sosai, ana iya kashe bashin daga can. Ba ko'ina haka yake ba. A Nuwambar 2016 fam ɗin Masar ya zubar da kusan rabin darajarsa cikin 'yan makonni, malamin da ake biya da shi yana aika kuɗi gida ya ga bashinsa ya ninka a idonsa. Yaya, inda za ki akwai garatuti, albashin kwana 21 kan kowace shekara a shekaru 5 na farko, amma da tsurar albashi ake lissafawa ban da alawus, kuma sai kin cika shekara ɗaya. Lokacin gwaji kan kai wata 6. Kada ki taɓa manyan kuɗi kafin ki haye shi.

Ma'aikaciyar asusu: Kafin komai a buɗe takardar rancen a karanta, ba a fafe gora ranar tafiya. A Ingila rancen da aka tsayar wa ruwa yawanci yana yarda a biya ƙarin kashi 10 a shekara, abin da ya haura haka akwai tara. A can kuma sai ka nemi izinin banki kafin ka sa ɗan haya a gidan da ka ranta da sunan zama. A Amurka dokar Dodd-Frank ta 2010 ta taƙaita irin wannan tarar ƙwarai. In kuma ta hanyar murabaha aka sayi gidan, wato banki ya saya ya sayar wa mutum bashi da ribarsa a kai, farashin a yanke yake tun farko, sai a tambaya ko akwai rangwame ga mai biya da wuri.

Malamin lissafi: Na sake buga lissafin, kuma abin da ya fito ya ba ni mamaki ni kaina. In Malama ta biya 15,000 yanzu ta ci gaba da zuba 644, bashin zai ƙare cikin wata 31 maimakon 60, ruwan da za ta biya ya sauko kusan 1,500. Wato da ƙasa da rabin kuɗin ta tsira da wajen 3,800 cikin 5,300 ɗin, ga 21,000 a hannunta. Dalili, biyan da aka yi yau watannin ƙarshe yake yankewa. A lura dai, biyan wata-wata ba zai ragu ba sai ta nemi banki ya sake lissafa shi.

Baba mai ritaya: Lissafi ya yi kyau. Ni dai har yanzu zuciyata ba ta son mutum ya hau jirgi da bashi a kansa, rai ba a hannunmu yake ba. In za a bar saura, a rubuta komai a damƙa wa amintacce, a san wanda zai biya in ta Allah ta kasance.

Wadda ta dawo: Wannan kam ba musu, Baba. Ni 15,000 ɗin ma da zan ba da shawara sai bayan albashi na uku ya shigo.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauko takardar na karanta da fitilar waya. Babu tarar biya da wuri, amma akwai sakin layin da ya ce sai da rubutaccen izini zan ba da haya, abin da ban taɓa lura da shi ba cikin shekara 20. Gobe zan rubuta musu. Biyan duka dai na fasa. Tsakanin biyan 15,000 yanzu da jira sai na haye gwaji ne ban tsayar ba. Baba, zan rubuta wasiyyar kafin in tafi. Malam, don Allah a lissafa mini abin da jiran wata 6 zai ci mini, in nuna wa yayana.

Malamin lissafi: Wajen 450 ne ruwan 15,000 a wata 6, Malama. Ki cire abin da asusunki zai ba ki a kansu cikin wannan lokacin, abin da ya rage shi ne kuɗin jiran.