Daga Sha'awar Ɗinkin Hula Zuwa Sana'a

Ranar Asabar bayan La'asar muka zauna a wani zaure a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, ana tattauna yadda mai sha'awar ɗinkin hula zai mayar da ita hanyar cin abinci. Ga abin da na tsinta.

Wani dattijo da ya daɗe yana ɗinkin hular zanna bukar shi ya fi kowa jan magana, kuma kan farashi ya tsaya. Ya ce yawancinmu kuɗin zare da yadi kawai muke lissafawa, mu manta da kwanakin da muka yi muna soka allura har ido ya yi ja. "Ɗana, in hula ta ci maka mako uku, sa mako ukun nan cikin kuɗinta." Ya kuma ja kunne kan ba 'yan'uwa bashi; nan aka kwashe da dariya, don ba wanda bai taɓa ƙonewa ba.

Matasa suka ce a riƙa ɗaukar hoto da hasken rana, a ɗora a WhatsApp, a karɓi rabin kuɗi kafin a fara aiki. Rajistar sunan sana'a a CAC kuwa, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, sai ciniki ya kankama. Ni dai shawarar da ta fi kwanta mini ita ce a fara aikin ƙaramar Sallah tun watan Rajab, kafin aiki ya yi wa masu wankin hula yawa.