Tsakuwa ta tsaga gilashin gaba: a gyara ko a canza?

Baban Walid: Assalamu alaikum 'yan zaure. Corolla ce ta 2010, 'yar Amurka. Tsakuwa ta bugi gilashin gaba ta gefen fasinja, ta bar tabo kamar tauraro, ga wani siririn layi ya fito daga jikinsa, tsawonsa bai wuce yatsa ba. A gyara ko a canza? In canjin ne, sabo ko ɗan Beljiyam?

Mai Gilas: Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin komai ka goge wurin da busasshen ƙyalle ka manna masa farin salatif ta waje, yau ɗin nan. Ƙura da ruwa ne ke kashe gyara: da zarar sun shiga cikin tsagar, maganin ba zai kama ba, ko ya kama tabon zai fito baƙi. Sai ka duba abu uku. Tabon ya fi santimita 2.5 faɗi? Layin ya wuce santimita 15? Akwai inda ya matso bakin gilashin, ƙasa da santimita 6 tsakaninsu? In amsar duka a'a ce, zai gyaru. Ka kuma bi shi da farce ta cikin mota. Gilashin gaba falle biyu ne da roba a tsakiya. In farcenka ya ji tsagar ta ciki, fallen ciki ma ya tafi, babu batun gyara.

Direban Zariya: Kuma don Allah kada wani ya ba ka shawarar sufa-gulu ko man farce. Toshe bakin ramin kawai suke yi, ba sa shiga ciki, sannan su hana mai gyara aikinsa.

Baban Walid: To yaya ake gyaran, ranka ya daɗe?

Mai Gilas: Wani ruwan gam ne garau kamar gilas, ana ce masa rezin. Ana ɗora ɗan ƙarfe mai ƙafafun roba a kan tabon, a zuƙe iskar da ke ciki, a matsa rezin ɗin, a sake zuƙewa, a sake matsawa, har ƙafafun tauraron su cika su ɓace. Sai a rufe da 'yar leda a haska masa fitilar UV ko a fitar da motar rana, ya daskare, a kankare abin da ya yi tudu da reza. Aikin minti 30 zuwa 45 ne. A inuwa ake zuba maganin, gilashi a huce, don in rana ta same shi da wuri zai daskare a bakin rami bai kai ƙarshen tsagar ba. Layin da ya fara tafiya kuma, ana huda ɗan rami a daidai bakinsa da siririn bit, wato bakin na'urar huda rami, iya fallen waje kaɗai, a cika shi. Wanda bai ƙware ba yakan zarce har robar tsakiya, ya jawo sabuwar tsaga. Tabon ba ya ɓacewa gaba ɗaya, shi ya sa ba a gyara wanda ke daidai idon direba. Da dare fitilar mai zuwa za ta riƙa watsewa a kansa.

Injiniya: Bari in ƙara dalilin da ya sa layi ke tafiya, don ka tsare naka kafin ka kai shi. Gilas ba ya son zafi a gefe ɗaya, sanyi a ɗaya gefen. Mota ta wuni a rana, a shiga a buɗe esi har ƙarshe, iskar na bugun gilashi: nan take layin zai miƙe, wani lokaci har ka ji ƙas. Haka in masu wankin mota suka watsa ruwan sanyi da tsakar rana, ko aka zuba ruwan zafi da safiyar hunturu. Ka fara sauke gilasan gefe zafi ya fita, esi a lamba 1, iskar ta nufi ƙafa. Ka daina buga ƙofa alhali gilasai duk a rufe. Ramuka da gargada kuma a lallaɓa, jikin mota na murɗewa, gilashin ne ke ɗauka.

Ƙanin Hajiya: Ni tawa Accord ce EOD, layin daga ƙasa ya taso, ƙarƙashin waifa, kuma babu alamar dutse ko kaɗan. Me ke kawo haka?

Injiniya: Wannan canji ne kai tsaye, ɗan'uwa. Tsagar da ta taso daga baki ba tare da tabon dutse ba, yawanci ko tsatsa ce ta kumbura a ƙarƙashin gilashin tana tura shi, ko wanda ya taɓa sa shi ya zaunar da shi a kan ƙarfe tsirara, ko kuma motar ta taɓa haɗari firam ɗin bai koma daidai ba. In ba a gyara tushen ba, sabon ma haka zai yi. In an cire, kada ka bari a ɗora wani sai ka ga bakin firam ɗin da idonka.

Dillalin Panteka: Batun sabo ko ɗan Beljiyam, ni ina bayan ɗan Beljiyam in an samu mai kyau, domin shi ne na kamfani, lanƙwasarsa daidai take. Amma a duba shi a rana, ba cikin shago ba. A tsayar da shi a kalle shi a karkace: in ya cika da ƙananan ɗigo kamar an watsa gishiri, yashi ya cinye shi, da dare zai wahalar da ido. A duba zanen waifa. A bi bakinsa kaf da yatsa, ko ɗan ɓantarewa ɗaya aka samu daga wajen cirewa, daga nan zai tsage. In gefensa ya yi fari kamar madara, robar tsakiya ta fara rabuwa da gilas, a bar shi.

Mai Gilas: Oga, ban ƙi taka ba, amma mai tsabta irin wannan ya yi wuya, kuma gilashin da aka yanko da waya sau ɗaya ya riga ya sha wahala. Sabo na Fuyao ko XYG ba abin rainawa ba ne. Fuyao ma kamfanonin mota da yawa shi ke yi musu gilas tun daga masana'anta. Abin dubawa tambarin da ke kusurwar ƙasa: a ga kalmar Laminated, ko Lamisafe a na AGC, a ga AS1, da lambar DOT ko harafin E cikin da'ira da 43R. In ka ga Tempered ko AS2, na gefe ne ko na baya, irin mai rugujewa kamar tsakuwa. Ba shi da hurumi a gaba.

Dillalin Panteka: Wannan haka ne. Kuma a je da lambar shasi, ba sunan mota kawai ba. Samfurin Amurka da na Turai sukan bambanta ko da shekara ɗaya ce. Na Amurka yana da 'yar taga a ƙasa ta gefen direba inda lambar shasi ke leƙowa. A duba mazaunin madubin ciki ya dace, in akwai na'urar da ke jin ruwan sama ta kunna waifa a bayansa a nemi mai gurbinta. Ko a Kofar Ruwa ne, ko nan Kaduna, ko Apo, ko daga Ladipo za a ɗoro maka, a gwada shi a kan motar babu gam kafin ka biya.

Injiniya: Duk wannan muhawarar, gam ɗin ya fi gilashin muhimmanci, kuma nan ne ake cutar mutane. Gilashin gaba yana cikin abin da ke riƙe rufin mota in ta kife, kuma a motoci da yawa iyabag na fasinja, jakar iskar da ke fitowa a haɗari, da gilashin yake dogara in ya buɗe. Gilashin da aka liƙa da silikon na tagar gida fita zai yi. Wani silikon ɗin ma, mai warin tsami, shi da kansa ke cin ƙarfe. Gam ɗin gaskiya baƙi ne, ana ce masa yuretan, irin su SikaTack ko Betaseal. Kwalba ɗaya mililita 310 ce ko kusa da haka, a tanadi biyu, a duba kwanan watan lalacewa, kuma a buɗe a gabanka.

Tsohon gam ba a kankare shi har ƙarfe, ana rage shi ne ya saura milimita 1 zuwa 2, sabo ya fi kama shi. Inda wuƙa ta karce fenti a shafa baƙin firaima, shafen farko da ake yi kafin gam, in ba haka ba damina ɗaya tsatsa ta fara. Inda tsatsar ta riga ta ci, mai gyaran bodi ya goge ya yi fenti tukuna. A yanka bakin kwalbar kamar harafin V, gam ya fito a tsaye mai tsini, tsayin kamar santimita 1, layi ɗaya ba yankewa, musamman a kusurwoyin sama inda yoyo ke farawa. Mutum biyu su ɗora shi sau ɗaya. In aka ɗora aka ja gefe don daidaitawa, gam ya shafe, nan iska za ta riƙa yin fito a kan hanya.

Direban Zariya: Bayan an sa, kada a ce ka hau titi nan take. Akwai gam mai kamawa cikin awa ɗaya, akwai mai son kwana, a jikin kwalbar ake karantawa. Da hunturu ya fi jinkiri, don danshin iska ne ke busar da shi. A bar gilasan gefe a ɗan sauke, salatif ɗin da aka riƙe shi da shi ya kwana, wanki sai bayan kwana biyu. Sannan a sa sabbin robobin waifa, tsofaffin cike suke da yashi. Wanda kuma ke jan ƙafa, ya sani tuƙi da fasasshen gilashi laifi ne a wajen jami'an kiyaye haɗura, akwai tara.

Ƙanin Hajiya: Inshora fa?

Injiniya: In irin ta naira 15,000 ce, wadda aka ƙara kuɗinta a farkon 2023, wanda ka yi wa ɓarna take biya, ba motarka ba. Sai mai cikakkiyar inshora, shi ma ya karanta takardarsa, ya ɗauki hoto, ya sanar da su kafin a taɓa gilashin. Af, masu Corolla daga 2017 da Camry daga 2018 'yan Amurka, akwai kyamara a bayan madubi mai lura da layin titi da taka burki. In an canza gilas sai an sake saita ta da kwamfuta. A tambayi mai sawa ko yana da wanda zai yi, tun kafin ya sa wuƙa.

Baban Walid: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na auna: tabon santimita 2, layin 7, tsakaninsa da baki ya fi taƙi guda, ta ciki kuma sumul.

Mai Gilas: To naka na gyara ne, Alhaji. Ka kai shi da safe kafin gilashi ya ɗauki zafi, kuma kada a wanke motar kafin nan. In mai gyaran ya fito da sirinji da gam mai kwalba biyu yana gaurayawa, ka karɓi makullinka.