Me za mu kira duwatsun nan da mutanen dâ suka kakkafa?

Mai Shiri: Salam jama'a, don Allah a taimaka, gobe da safe zan shiga situdiyo. Shirin kan abin da aka san kowane yanki da shi ne, to na zo kan duwatsun da Turawa ke ce wa megalit, irin na Stonehenge a Ingila da na Carnac a Faransa da suka haura 3,000 jere-jere. Me zan ce musu?

Malamin Tarihi: Kafaffun duwatsu. Kar ki ce tsayayyu, don dutsen Zuma ma a tsaye yake amma ba wanda ya kafa shi.

Ɗan Damagaram: Turakun dutse ya fi wallahi, ku duba na Wassu a Gambiya, marmara ce aka sassaƙe ta sumul aka kakkafa a da'ira kan kaburbura, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2006, duk wanda ya gani turke zai fara zuwa masa a rai.

Hajiya Babba: Ɗana, turke ai dabba ake ɗaurewa. Me aka ɗaure a Wassu?

Ɗan Damagaram: Hajiya siffa nake nufi. Amma na lura in ba daga Kano kalma ta fito ba sai an ture ta, mu ma fa da Hausar nan aka yi mana rawar 'yar tashi.

Malamin Tarihi: Ba zancen Kano ba ne malam. Akwai dutsen Stonehenge da ya kai tan 25, ƙananan ma daga Wales aka jawo su, tafiyar sama da kilomita 200, in ka ce turke mai sauraro zai ɗauka guntun abu ne.

Bakatsine: Ni ku bar megalit ɗin kawai, ai rediyo ma aro muka yi.

Ɗan Damagaram: Haka muke kashe harshenmu da hannunmu, komai sai aro.

Mai Shiri: To na Ikom a Kuros Riba fa, masu fuskar mutum? Gumaka zan ce?

Malamin Tarihi: A'a ranki ya daɗe, kin yanke musu hukunci ke nan. Masu wurin akwanshi suke ce musu, ki faɗi sunan sai ki ƙara da sassaƙaƙƙun duwatsu.

Mai Shiri: Na gode. Zan tafi da kafaffun duwatsun mutanen da, ya ɗan yi tsawo a baki amma za a gane.

Ɗan Damagaram: To shi ke nan, amma ni a ajina turakun dutse zan ci gaba da cewa.