Neman shawara kan lokacin giftawar WASP-12b

Tambaya:
Assalamu alaikum. A ƙarshen watan Disamba na kwana a saman soro da na'urar hangen nesa mai faɗin santimita 20 ina ɗaukar hotunan tauraron WASP-12, wanda wata ƙatuwar duniya mai suna WASP-12b, mai girman da ya wuce na Jupita take zagayawa cikin kwana 1 da kusan awa 2. Da ta gifta ta gabansa haskensa ya ragu da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, na tsawon kamar awa 3. Sai dai tsakiyar giftawar ta riga lokacin da jadawalin hasashen giftawa ya nuna da minti 9. Na karanta cewa zagayen duniyar yana gajarcewa, shin abin da na gani ke nan, ko kuwa kuskure na yi?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka ɗora wa duniyar laifi, duba irin lokacin da ka rubuta. Jadawalin yana bin ƙidayar BJD, wadda ake aunawa daga tsakiyar nauyin rana da duniyoyinta, kai kuma agogon UTC ka bi, wato agogon bai-ɗaya na duniya. A ƙarshen Disamba duniyarmu tana ɓangaren da ke fuskantar tauraron, don haka haskensa yana iso mu kusan minti 8 kafin ya kai waccan tsakiyar, sannan akwai daƙiƙa 69 tsakanin UTC da ƙidayar TDB, agogon masana taurari da jadawalin yake bi. Haɗa su ka gani, minti 9 ɗinka ne suka fito. Manhajar AstroImageJ tana yin wannan gyaran idan ka ba ta wurin da kake daidai.

Amsa ta biyu:
Gajarcewar gaskiya ce, an tabbatar da ita a 2020, amma kusan kashi 29 cikin dubu na daƙiƙa ne a shekara. Sai da aka tara giftawa na fiye da shekara goma kafin ta bayyana, dare ɗaya ba ya nuna ta. Ka kuma tabbata jadawalinka ba tsoho ba ne.

Amsa ta uku:
Ni hazon hunturu ya fi damuna, domin ƙura tana rage hasken taurari ba daidai ba, ta karkatar da awon. Ka fara ɗauka awa ɗaya kafin giftawar, ka ƙara awa ɗaya bayanta, ka daidaita agogon kwamfuta da intanet tun da magariba. Idan awon ya fito da kyau, ka aika wa shirin ExoClock, mai tattara awon giftawar irin waɗannan duniyoyi.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na yi gyaran, saura bai kai minti 1 ba.