Ƙarshen Red Dead Redemption: shin sadaukarwar Arthur ta tashi a banza?

Tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na fara buga wasan bidiyo na Red Dead Redemption 2 na 2018, daga baya na koma kan na farko wanda ya fito a 2010, saboda haka labarin ya zo mini a jere daga 1899 zuwa 1914. Ga abin da ya tsaya mini a rai. Arthur Morgan, jarumin wasa na biyu, tarin fuka yana cinsa, ya cire malafarsa ya ɗora wa John Marston, abokinsa a ƙungiyarsu ta 'yan fashi, ya miƙa masa jakarsa, ya tsaya a kan dutse yana tare masu farautarsu domin John ya kai ga iyalinsa, wato Abigail da ɗansu Jack. Amma a 1911 Edgar Ross, jami'in gwamnati, ya zo da sojoji har gonar John ta Beecher's Hope, John ya buɗe ƙofar barga aka yi masa ruwan harsashi, bayan shekara uku kuma Jack, yaron da ba ya rabuwa da littafi, ya bi Ross har bakin kogi ya harbe shi. To, mene ne Arthur ya ceta?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam. Malam, ina ganin kana auna tuba da abin da ya biyo bayanta, alhali wasan yana auna ta da halin da mutum ya mutu a kai. Ka tuna inda ciwon ya samo asali: Arthur ya je karɓar bashin Leopold Strauss, mai ba da rance na ƙungiyarsu, ya lakaɗa wa Thomas Downes duka, mutumin da ba shi da ko na abinci, shi kuwa Downes, mai fama da tarin fuka, ya yi masa tari a fuska. Hannun da ya yi zalunci shi ne ya ɗauko ajali. Bayan likita ya faɗa masa gaskiya a Saint Denis, sai ga shi yana neman matar Downes da ɗanta ya ba su kuɗi, ya kori Strauss daga sansani. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne tashar jirgin ƙasa, inda ƙaton nan da ya kashe mutane ba adadi ya zauna a kan benci ya shaida wa Sister Calderón, wata ma'aikaciyar coci, cewa tsoro yake ji. Shekara goma sha biyu da John ya ƙara a duniya, har ya auri Abigail ya gina gida, daga hannun Arthur suka fito.

Amsa ta biyu

Ɗan'uwa mai tambaya, harshenmu ma ya taimaka a nan, domin kalmar fansa tana ɗauke da ma'ana biyu: akwai fansar rai, wato a biya a kuɓutar da wani, akwai kuma ɗaukar fansa. Wasannin biyu a tsakanin waɗannan ma'anoni suke kai da komo. Arthur ya yi ta farko. John kuwa, a 1907, da tsohuwar 'yar ƙungiyarsu Sadie Adler ta kawo labarin inda Micah Bell, wanda ya ci amanar ƙungiyar, yake, ya zaɓi ta biyu duk da roƙon da Abigail ta yi masa kada ya je. Ya hau dutsen Mount Hagen, aka kashe Micah, ya kwaso kuɗin da ƙungiyar ta sace a garin Blackwater ya biya bashin banki. Wanda ya tsaya kallon hotunan da ke wucewa lokacin jera sunayen ma'aikata a ƙarshen wasan zai ga Ross da abokin aikinsa Archer Fordham a kan gawar Micah, suna bin sawu har suka tsaya suna hango gonar daga nesa. A ganina John ne ya nuna musu hanyar gidansa da kansa, kuma Jack ya maimaita kuskuren uban a 1914. Ka lura da yadda ya tsaya yana duban bindigar da ke hannunsa bayan Ross ya faɗa cikin ruwa. Babu alamar farin ciki a fuskarsa.

Amsa ta uku

Na yarda da rabin maganarka, malam, amma ɗora wa John laifin duka ya yi nauyi. Tun daga 1899 'yan Pinkerton, wato jami'an bincike na haya, suke bin ƙungiyar daga sansani zuwa sansani, layin dogo da wayar tangaraho suna cinye dajin da ake ɓuya a ciki, zuwa 1911 har mota ta shigo Blackwater. Dutch van der Linde, shugaban ƙungiyar, duk da yaudarar da ya yi wa mutanensa da mafarkin tserewa zuwa tsibirin Tahiti, ya faɗi gaskiya guda kafin ya saki kansa daga kan dutse: idan an gama da shi, hukuma za ta nemi wani dodon domin ta halasta albashinta. John ya cika duk sharuɗɗan da hukuma ta gindaya masa na farauto tsofaffin abokansa, ya kawar da Bill Williamson, ya kama Javier Escuella ko ya kashe shi, duk da haka aka zo masa har gida. Ross kuwa ya yi ritaya da lambobin yabo, yana harbin agwagwa a gefen Meziko lokacin da Jack ya same shi.